Yadda Najeriya ta koma Gini a tsakar gidanmu

Mahaifina, Malam Daudu, bai taɓa yarda ƙarami ya shiga gabansa ba. Duk shekarun aikinsa a ƙaramar hukuma ya yi su, Roni da Gwiwa, kuma aikin nasa guda ne, tsara zaman manya a wajen taro: wa zai zauna a kujerar tsakiya, wa za a fara ambata, motar wa za ta bi bayan ta wa. Da ya yi ritaya ya dawo Kazaure, sai ya kwaso aikin nan kaf ya sauke mana a gida. Ko takalma a ƙofar ɗaki bisa shekarun masu su ake jera su. Da idona na ga ya kori ɗan akuya daga bakin kwano don ya riga uwarsa sa baki.

Ni ce autarsa, Sadiyya. Yayyena maza duk sun yi gaba, ɗaya yana Dutse, ɗaya yana Kaduna, gidan ya rage daga Abba sai Inna Dela sai ni. Na gama karatun kwamfuta ina zaune ina wanke-wanke, sai na ci karo da wasu matasa a Kano da suka ƙirƙiri wani ɗan yaren kwamfuta mai suna Tsani. Umarninsa duk da Hausa ne, don 'yan sakandare su koya ba tare da sun fara kokawa da Turanci ba. Suna neman mai rubuta musu bayanin kowane umarni, abin da yake yi da inda yake tuntuɓe. Suka gwada ni da umarnin juya, wanda ke ɗaukar rubutu ya mayar da ƙarshensa farko. Na rubuta shafin, ya yi musu, suka ce in zo Kano in kama aiki kafin wata ya ƙare, in ba haka ba za su ba wani. Wurin zama ba matsala, Gwaggo Uwa tana can, har ta share min ɗaki.

Saura izinin Abba.

Na durƙusa na gaya masa. Ya kalli tabarma, sannan ya ce, "Kin ce aikin shi ne ki rubuta bayani yadda kowa zai gane?"

"Haka ne, Abba."

"To ni ma ina cikin kowa. Kawo shafin. Ranar da na karanta na gane, ki tafi. In ban gane ba, ashe ba ki iya ba, me za ki je ki yi wa mutane a Kano?"

Wallahi murna na yi. Mutumin da ke iya riƙe sunayen hakimai da dagatai da muƙamansu a kai ba tare da takarda ba, ɗan shafi guda ne zai gagare shi? Na ce a raina gobe war haka ina haɗa jaka.

Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida, ya sa tabarau, na ajiye masa kwamfuta a kan kujera 'yar tsugunno. Na rubuta Kazaure, na ba da umarni, ta fito da eruazaK.

"Wa ya aike ta?" in ji Abba.

Na ce ai da irin wannan ake fara koya wa ɗalibai yadda kwamfuta ke riƙe rubutu. Ya kalli allon da kyau ya ce babban harafi ya koma ƙarshen layi, ƙananan sun haye gaba, wannan rashin tarbiyya ne, amma in ci gaba.

Na ci gaba. Na karanta masa abin da na rubuta, cewa kowane harafi da kowane ɗan hoton da ake turawa a waya yana da lambarsa a wani tsari da duniya ta amince da shi, sunansa Yunikod. Umarnin juya lambobin nan yake juyawa, ba ruwansa da abin da ido ke gani. Yawanci lamba ɗaya harafi ɗaya ce, har su ƙ da ɗ ɗinmu, don haka lafiya lau suke juyawa. Matsalar ita ce akwai abin da ido ke gani guda ɗaya, alhali a ciki lambobi biyu ne ko fiye. Shi ne abin da shafin nawa ke gargaɗi a kai. Don ya gani da idonsa, na sa tutar Najeriya, na ba da umarni.

Kore da fari da kore suka ɓace. Ja da ruwan ɗorawa da kore suka bayyana.

Abba ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. "Wannan ta ina ce?"

"Ta Gini ce, Abba."

"Ke da wa kuka yi shawara?"

Na yi masa bayani cewa tuta a Yunikod alamomi biyu ce a jere. Tamu N ce da G, in suka zo a haka waya ta zana tutarmu. In aka juya suka zama G da N, to wannan ta Gini ce, waya kuma ba ta da laifi, abin da aka ba ta ta zana. Ya ce in mayar da ƙasar mutane yanzun nan kafin wani ya shigo ya gani. Na sake juyawa, Najeriya ta dawo. Ya yi ajiyar zuciya, ya naɗe ƙafa, ya ce, "Ban gane ba."

Washegari na sake rubuta shafin, na kawo sabon misali. Hoton hannun nan mai ɗaga babban yatsa, mai launin fatarmu. Shi ma lambobi biyu ne, ta hannun da ta launin. Da na juya shi, sai launin ya fice ya tsaya gefe kamar ɗan yankin ƙyalle, hannun ya koma rawaya fes. Inna tana gefe tana tsintar shinkafa, ta leƙo ta ce, "Lalle, har kwamfuta ta fara shafa man bilicin." Ta kalli allon na ɗan lokaci ta ƙara da cewa, "Wato fatar daban take, hannun daban, in an sa fatar a gaba ba ta san wa za ta bi ba." Ta koma kan shinkafarta. Inna ke nan, wadda ko saƙon waya sai na karanta mata.

Abba ya ce, "Ni dai ban gane ba."

Misali na uku shi ya fi tayar da ƙura. Hoton iyali ne, uba da uwa da 'ya da ɗa a haɗe wuri guda. Tsakanin kowane biyu akwai wata lamba da ba a ganinta sam, aikinta kawai ta riƙe su tare. Da na juya, hoton ya tarwatse gida huɗu, kowa ya tsaya shi kaɗai. Ɗan ƙaramin yaron ne a gaba, uban yana can ƙarshe kamar wanda ya zo ɗaukar kujeru.

Abba ya miƙe tsaye. Ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin wulaƙanci irin wannan ba, kuma in waɗannan yaran na Kano haka suke koya wa 'ya'yan mutane, gara a sanar da iyayensu. Na ce ai shi ya sa ake rubuta gargaɗin, don mai amfani da umarnin ya san inda zai yi hattara. Ya tsaya yana kallon mutum huɗun nan da suka rabu, ya daɗe fiye da yadda na zata. Daga nan ya ce bai gane ba, ya shiga ɗaki.

Haka muka yi ta yi. Na yi bayani da cokula. Na yi da goro, Abba ya cinye misalin. Na ɗaure tsinken tsintsiya da zare na nuna masa, ya ce in mayar wa Inna tsintsiyarta. Na rage shafin, ya ce ya yi gajarta. Na ƙara, ya ce surutu ya yi yawa. Kullum zai zauna da tabarau, ya saurara har ƙarshe cikin natsuwa, ya gyaɗa kai a daidai wuraren da ya kamata a gyaɗa, sannan ya rufe da kalmominsa uku. Wata kuma yana ta ƙarewa, 'yan Kano sun fara tambaya ko har yanzu ina so.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun ina jin haushin Abba har na koma jin haushin kaina, na fara yarda cewa wataƙila da gaske ban iya ba. Na yi kuka a bayan ɗakin girki, Inna ta same ni, ta ce in tashi in jiƙa gero, gobe muna da baƙo.

Baƙon Baba Kura ne, aminin Abba tun suna samari. Babarbare ne mazaunin Babura, yana fataucin dabino da cuku daga Nijar. Abba kuwa jinin Fulani ne, don haka tsakaninsu ba a gaisuwa sai an yi tsiya. Tun daga zaure muka ji muryarsa.

"Ina bawan nan nawa? Fito ka karɓi kayan ubangidanka!"

"Shigo, Babarbare," in ji Abba. "Ka dai goge ƙafa, nan gidan mutane ne."

Bayan an ci an sha, Baba Kura ya ga kwamfuta a kan kujera ya tambaya. Inna ce ta yi saurin ba shi labari, har da sharaɗin da Abba ya kafa. Ya ce a nuna masa. Na nuna masa Najeriya ta koma Gini, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce to a gwada Nijar. Na sa tutar Nijar, wadda alamominta N ne da E, na juya. Babu ƙasar da ke da E da N, don haka ba tutar da ta fito, sai haruffa biyu tsirara a cikin 'yan akwatuna.

Dariyar ta tsaya. "Ina ƙasar?"

"Babu, Baba."

"Ku aƙalla an ba ku wata. Ni yanzu in na wuce Babura da mota ina zan faɗa? Akwai buhunan dabinona a can, 'yar nan, ki dawo da ita."

Na dawo masa da ita. Ya gyara zama, ya ɗauki ludayin fura, ya ce ai shi tuni ya gane, abin ba wuya, sai dai kan Bafillace ne ba ya ɗaukar karatu. "Bari in fassara maka, Daudu. Kwamfutar nan bokon ne ya gundure ta, ta koma karatu daga dama kamar allo. Shi ke nan."

Abba ya motsa a kan tabarma.

"Gini kuwa," in ji Baba Kura, "ai yamma take da mu. In ka juya wa gabas baya dole ka fuskanci Gini. Wannan ko yaro ya sani."

Na buɗe baki zan gyara, Inna ta taka min ƙafa. Na kalli Abba, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, yana ta murza carbi da sauri kamar wanda ake bi.

"Batun iyalin nan ma," Baba Kura ya ci gaba, yana lasar ludayi, "kamar ayarin motocin manya ne. In hanya ta ƙare, kowace mota ta juya a inda take, ta baya ta zama ta gaba, a kama hanya. Ba wani abu ba ne. Ai kai ma haka ka riƙa yi lokacin kana aiki, na sha ji ana faɗa."

"Ni?"

Carbin ya faɗi ƙasa. Abba ya miƙe, babbar rigarsa ta kwashe kofin ruwa.

"Ni na riƙa yin haka? Kura, ka tambayi duk wanda ya je buɗe rijiyar burtsatse a bayan Roni, ranar da hanya ta ƙare mana a gindin dutse. Da na bar kowa ya juya a inda yake, da motar lasifika ce za ta ja gaba, shugaba yana bin ƙurar masu abinci! Ba a juya mutane kai da kai. Tawaga ake juyawa. Abin da na'urar nan ke yi aikin sabon masinja ne, wanda ke ƙirga kawuna bai san wa ya zo da wa ba. Tutar nan da kake gani guda ɗaya, mutum biyu ne suka zo a tawaga ɗaya, N a gaba, G a baya. A haka mai tsaron ƙofa ya san su. Ka sauya musu tsayuwa, ya duba ya ga ai wannan jerin na mutanen Gini ne, ya kai su kujerar Gini. Naka na Nijar da aka sauya, ya duba bai san kowa mai wannan jerin ba, ya bar su a tsaye a waje. Ina ruwan gabas da yamma a nan?"

Baba Kura ya ce, "To iyalin fa?"

"Iyalin ma haka! Tsakanin kowane biyu akwai mai riƙe musu hannu, ba a ganinsa, ba a ba shi kujera, amma yana cikin lissafi. Da aka juya, masu riƙon suna nan ba inda suka je. Sai dai mai tsaron ƙofa bai taɓa ganin iyalin da yaro ke ja gaba uba na biye ba, don haka ya ƙi karɓarsu a tawaga, ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya kamar ba su san juna ba. Maganin kuwa a bayyane yake. Kafin ka juya, ka fara tantance wa da wa suka zo tare, ka ɗaure su, sannan ka juya ɗaurin. Wannan shi ne abin da yarinyar nan take ta faɗa tun ranar farko, kuma ta faɗe shi daidai, kai ne dai ka zo da kan cuku kana ɓata mata aiki!"

Ya tsaya yana haki, hannu ɗaya a sama.

Daga maƙwabta ana jin kukan injin markaɗe. Baba Kura ya sunkuyar da kai cikin kwanon fura, kafaɗunsa na rawa don danne dariya. Inna ta ɗauko ƙwaryar nono ta ƙara masa ba tare da ya roƙa ba, kuma a nan ne na gane dalilin da ya sa aka ce in jiƙa gero: ashe haɗin bakinsu ne.

Abba ya sauke hannun a hankali. Ya kalle ni, ya kalli Inna, ya koma ya zauna. Da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba ya ce, "Amma fa ban gane ba."

"Malam," in ji Inna, "har masu markaɗe sun gane."

Na zaci zan ji daɗi. Na yi kwanaki ina tanadin irin kallon da zan yi masa ranar da na ci nasara. Amma da na ga yadda ya tsinci carbinsa yana kakkaɓe masa ƙasa, ya rasa inda zai sa idonsa, sai tausayinsa ya kama ni. Ya kalli ƙofar ɗaki inda takalmanmu ke jere, nasa da na Inna da nawa.

"Da biyar nake jerawa," ya ce. "Mutum biyu kuma ai ba jeri ba ne."

Baba Kura ya ajiye ludayi. Can Abba ya share maƙogwaro, ya mayar da tabarau, ya ce tunda dai za a kai shafin nan gaban mutane, ba zai fita daga gidansa da gargaɗi a ƙasa ba. Gargaɗi babba ne, a sama yake zama. Na mayar da shi sama. Ya sa na ƙara layi guda da bakinsa: a fara tantance waɗanda suka zo tare, sannan a juya. Ya so in ƙara cewa duk wanda ya mayar da Najeriya Gini shi ya jiyo, na ce wannan ba zai shiga ba, muka yi ciniki ya haƙura.

Ranar tafiya da safe Inna ta cika min jaka da yaji da kuka da daddawa, kamar Kano ba a miya. Baba Kura ya aiko da dabino da saƙon cewa in kula masa da Nijar. Muka yi sallama da Inna a zaure, Abba ya ce zai raka ni bakin titi in hau adaidaita sahu zuwa tasha. Ya karɓe jakar daga hannuna, na ce ya bari, ya yi kamar bai ji ba.

A ƙofar gida na ja gefe na tsaya, kamar yadda na saba tun ina koyon tafiya, ina jira ya wuce in bi bayansa. Bai motsa ba.

"Wuce," ya ce.

"Abba, ni?"

"An juya layin. Wuce gaba, kada ki sa in sake tunani." Ya gyara riƙon jakar. "Amma tawagar ɗaya ce, ko mai tsaron ƙofa bai gane ba."

Na wuce. Lungunmu ba shi da tsawo, amma ban taɓa bin sa ba tare da bayan rigar Abba a gabana ba, sai na rasa yadda ake taka ƙasa. Mai shayin bakin lungu ya saki baki yana kallonmu. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan tafi ba. Ina dai jin takalmansa a bayana, a hankali, har muka kai titi.